Maktabatus Shamila a Kan Sikeli: Wa Ke Riƙe da Mabuɗin Ɗakin Karatunmu?

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya hore mana takarda da tawada, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa masu karatu, filin sharhin littattafai na wannan fitowa zai ɗora wani babban kaya a kan sikeli, wato Maktabatus Shamila, manhajar nan ta littattafan Larabci da kusan kowane ɗalibin ilimi a Mokolo da lungunan Briqueterie yake da ita a kwamfuta ko a waya. Za mu haɗa da 'yan rakiyarta: shafin Waƙfiyya mai hotunan littattafai, da tarin PDF ɗin da ake turawa a WhatsApp da Telegram.

Abin da ya jawo maganar wata tambaya ce da ta fara yawo a bakin samarinmu har ta kai kunnen dattawa. Wai mene ne amfanin a ci gaba da tara kuɗi ana sayen littattafai ana yi musu kanta a masallaci, alhali duk abin da ake nema yana cikin waya? Tambayar ba ta rashin kunya ba ce, kuma tsawa ba za ta amsa ta ba. Kowane ɗakin karatu, na takarda ne ko na intanet, a kan amsar tambayoyi uku yake tsayawa: wa ya zaɓi abin da ke ciki, wa ya tabbatar da ingancinsa, kuma wa ke riƙe da mabuɗin ƙofa. Da waɗannan ukun za mu auna.

Alherin da ta zo da shi

A fara da yabo, domin ta cancanta. Dattawanmu sun san lokacin da mai son ganin Fathul Bari a garin nan sai ya jira alhajin da zai ɗauko masa daga Makka, ko ɗan kasuwar da zai biya ta Kurmi a Kano ya sayo, a bi da kayan ta Garwa da Ngaundere har su iso Yawunde. Musnad na Imamu Ahmad, bugun da Shehu Shu'aibu Al'arna'uɗ da abokan aikinsa suka yi wa tahaƙiƙi, mujalladi 50 ne. Ɗalibin da ke ɗinki ko sayar da atamfa da rana, ina ya ga kuɗinsa, ina kuma zai jera shi a ɗakin haya guda? Yau ga shi a aljihu, kyauta, tare da dubban littattafai na tafsiri da hadisi da fiƙihun mazhabobi huɗu da lugga da tarihi.

Bayan yawa akwai tsari. Kowane littafi yana da katin da ke faɗin marubucinsa, da wanda ya yi masa tahaƙiƙi, da maɗaba'ar da ta buga shi, da shekarar bugu. A littattafai da yawa lambar shafi ta yi daidai da ta bugun takarda, kuma manhajar tana faɗa maka in ta dace ko ba ta dace ba. Hadisin da a da malami zai kwana uku yana buɗe fihirisa kafin ya gano inda yake, yanzu kafin shayi ya huce an fito da shi. Ta kwamfutar kuma, da zarar an girka ta, ba ta buƙatar rezo. Mata masu karatu a cikin gida, waɗanda zuwa zaure bai sauƙaƙa gare su ba, su ma sun sami rabo mai yawa. Waɗanda suka yi wannan hidima, Allah Ya saka musu da alheri. Duk abin da zai biyo baya gyara kayanka ne, ba sauke mu raba ba.

Wa ya zaɓa?

Aibi na farko yana cikin sunan. Shamila na nufin wadda ta game komai, kuma sunan ya zauna a zukatan yara fiye da kima. Sau nawa ka ji ana musu a ƙofar masallaci bayan Isha'i, wani ya rufe bakin ɗan uwansa da cewa, "Ai na duba Shamila, babu"? Kamar rashin abu a cikinta shi ne rashinsa a duniya.

To ai mutane ne suka zauna suka zaɓi abin da za a shigar, kuma kowane mai zaɓe da abin da ya fi saninsa da abin da hannunsa ya kai. Ba laifi ba ne, haka kowane ɗakin karatu yake. Amma a sani cewa zaɓen an yi shi ne a Gabas, daga littattafan da maɗaba'un Misira da Bairut da Riyad suka riga suka buga. Abin da ba a taɓa bugawa can ba, da wuya ya sami shiga. Nan ne mu abin ya shafe mu. Bature John Hunwick ya fitar da mujalladi guda a 1995 wanda ba komai a cikinsa sai jerin sunayen malaman Borno da ƙasar Hausa da maƙwabtansu da sunayen abin da suka wallafa. Mafi yawan waɗannan rubuce-rubuce har yau a rubutun hannu suke, ko a bugun kasuwa na Kano da Sakkwato da Zariya, ko a ajiye a wurare irin su Arewa House ta Kaduna da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Ita kuma Shamila ta Larabci ce zalla, saboda haka waƙoƙin wa'azi na ajami, na Hausa da na Fulfulde, irin waɗanda Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u da modibbon Adamawa suka karantar da jama'a da su, ba gidansu ba ne.

Ko littattafan da muka tashi da su, irin su Risala da Mukhtasar, idan ka same su a waya, matanin kawai ka samu ko sharhin wani malamin nesa. Ba ka sami ƙananan rubutun nan da malamin malaminka ya cusa a tsakanin layuka da gefen shafi ba, inda ya fassara kalma mai wuya da ajami, ko ya nuna yadda mas'alar take a ciniki irin namu na goro da shanu. Wannan hashiyar ita ce shaidar cewa ilimin ya zauna a ƙasarmu ya yi jijiya.

Ga kuma Alƙur'ani kansa. Allonmu na Warash ne, amma galibin manhajojin waya da Hafsu suke buɗewa. Dukansu ruwayoyi ne ingantattu, sai dai yaron da bai san haka ba zai ji alaramma na karatu ya ɗauka kuskure yake yi. Har ƙidayar ayoyi ta bambanta: ta Kufa, wadda mushafin Hafsu ke bi, 6236 ce, ta Madina ta ƙarshe, wadda aka saba a mushafin Warash, 6214 ce. Babu wanda ya zauna ya ce a kawar da Warash. Abin da aka sa a gaba a manhaja ne kawai yake zama shi ne daidai a idon wanda bai san wani ba.

Wa ya tabbatar?

Aibi na biyu ya fi na farko nauyi. Malaman hadisi sun lissafa hanyoyi 8 na ɗaukar ilimi. Alƙali Iyal, mai Ashafa ɗin da muke karantawa da azumi, ya yi bayaninsu a littafinsa Al'ilma'u, Ibnus Salah ma ya kawo su. Ta sama ita ce ka ji daga bakin malami, sai ka karanta masa yana saurare, sai ijaza, har a gangaro ta ƙarshe, wadda ake kira wijada, wato ka tsinci rubutu ka karanta ba tare da kowa ya ba ka shi ba. Ba su haramta ta ba, amma a ƙarshen sahu suka ajiye ta, kuma suka ce wanda ya tsinta ya faɗi cewa tsinta ya yi. Duk karatun waya, ɗan uwa, wijada ce.

Magabata kuma ba sa amincewa da kwafin littafi sai an yi masa muƙabala, wato mutum biyu su zauna, ɗaya na riƙe da asali ɗaya na riƙe da sabon kwafi, a bi shi kalma bayan kalma. Littattafan Shamila mutane ne suka sake buga su a kwamfuta daga bugun takarda. An yi ƙoƙarin gyara, wasu sun fi wasu tsabta, amma mai amfani da ita ya san ana cin karo da ɗigon da ya ɓace, da layin da ya tsallake, da wasalin da ya sauka inda ba gurbinsa ba. A Larabci kuwa ɗigo ɗaya na mayar da suna wani suna, kuma faɗuwar harafin korewa guda na mayar da "bai halatta ba" ta koma "ya halatta". Wannan ciwo tsoho ne, sunansa tas'hifi, har Abu Ahmad Al'askari ya wallafa littafi sukutum a kan wanda ya auka wa masu hadisi. Bambancin shi ne a da kuskuren magatakarda a kwafi ɗaya yake tsayawa, yanzu kuwa kuskure ɗaya cikin dare zai shiga waya dubu. Ga masu kwafe rubutunmu na gida akwai ƙarin tarko: a rubutun Magrib da muka gada, harafin fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. Wanda ya saba da rubutun Gabas zai karanta ƙaf ɗinmu a matsayin fa.

Sai kuma illar shi kansa binciken kalma. Ka rubuta kalma biyu, a fito maka da layi uku daga tsakiyar littafi. Ba ka ga abin da ya gabata ba, ba ka ga abin da ya biyo ba. Malamai kuwa sukan kawo maganar abokin saɓani da hujjojinsa tsaf, sai bayan shafi biyu su rushe ta. Mai gaggawa zai kwafi maganar da aka kawo don a rushe, ya manna ta a WhatsApp da sunan malamin da ya rushe ta.

Ɗauki Muwaɗɗa. Wadda ake karantawa a ƙasashenmu ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce. Akwai kuma ruwayar Muhammadu ɗan Hasan Asshaibani, almajirin Abu Hanifa, wanda bayan hadisi yakan ƙara nasa bayanin bisa fahimtar mutanen Kufa. Dukansu suna cikin manhaja, sunansu kusan ɗaya. Wanda bai lura da kati ba zai ɗauko bayanin Shaibani ya ce Imamu Malik ne ya faɗa.

Ko ka ɗauki Mukhtasar na Shehu Halilu. Littafin da alamomi aka gina shi. Kalmar ikhtiyari tana nuni ga Lakhmi, tarjihi ga Ibnu Yunus, zuhuri ga Ibnu Rushdi kaka, ƙauli ga Maziri, wani lamiri kuma Mudawwana yake nufi. Khilafi daban, taraddudi daban. Duk wannan a gabatarwar littafin aka shimfiɗa shi, kuma shi malami ke fara ɗora ɗalibi a kai kafin a shiga babin tsarki. Wanda bincike ya jefa shi tsakiyar babin ciniki bai bi ta wannan ƙofa ba. Zai fassara kalmomin daidai da ƙamus, ya fito da hukuncin da Halilu bai faɗa ba. Ibnu Sirina, kamar yadda Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa, ya yi gargaɗin mutum ya duba wurin wa yake karɓar addininsa. Akwatin bincike ba ya cikin waɗanda za a iya tambaya, "Kai kuma wa ya karantar da kai?"

Wa ke riƙe da mabuɗi?

Nan ne maganar ta fita daga zaure ta shiga hannun hukumomi da kamfanoni. Mun ce Shamila ta kwamfuta na aiki ba rezo, gaskiya ne. Amma mutum nawa ne a cikinmu ke da ita a haka? Galibi a shafin intanet ake buɗawa, ko a dogara da adireshin da wani ya turo, ko a bar littafi a rukunin Telegram da niyyar in an buƙata a koma. Wannan ba mallaka ba ce, aro ne, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Ba sai mun je nesa ba. A ƙasar nan, daga 17 ga Janairu zuwa 20 ga Afrilu 2017, wata uku cur, an rufe intanet a yankin Arewa maso Yamma da na Kudu maso Yamma. Ba siyasar abin muke magana ba. Abin lura shi ne ɗalibin Bamenda da ɗakin karatunsa ke kan rezo, ranar nan ya wayi gari ba shi da ko warƙa ɗaya, wanda ke da Risalarsa a gafaka kuwa ya ci gaba da biya karatunsa. A Chadi an toshe WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 har Yuli 2019. A Zamfara an kashe layukan waya baki ɗaya a Satumba 2021 saboda matsalar tsaro. Wani lokacin ma ba hukuma ba ce: ran 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama har da Kamaru suka ji a jikinsu. Ɗauke wuta kuwa ba sai an ba mutumin Briqueterie labari ba.

Akwai kuma mabuɗin da ke can ƙetaren teku. Hotunan littattafan Larabci masu ɗimbin yawa, har da waɗanda Waƙfiyya ke nunawa, a wani rumbu na Amurka suke zaune mai suna Internet Archive. Manyan kamfanonin ɗab'i sun kai rumbun nan kotu a kan littattafan da yake ba da aro, suka yi nasara a 2023, ya ɗaukaka ƙara ya sake faɗuwa a Satumba 2024, kuma littattafai sama da 500,000 suka fita daga jerin aro. Ba a kan littattafanmu na addini aka yi shari'ar ba. Amma ta nuna cewa alƙali ɗaya a New York na iya yanke hukuncin da zai girgiza rumbun da muke ɗiba. Wata guda bayan haka, a Oktoba 2024, masu kutse suka afka wa rumbun, ya yi kwanaki a rufe.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Fumban. Sarki Njoya ya ƙirƙiro rubutun Bamun wajen 1896, aka rubuta tarihi da magunguna da shari'u da shi. Faransawa suka kawo shi nan Yawunde gudun dole a 1931, a nan kuma ya rasu a 1933. Takardun fadarsa an ɗauki hotunansu da tallafin wani shiri na babban ɗakin karatun Ingila, British Library, mai ceto takardun da ke fuskantar lalacewa. Ƙa'idar shirin abar koyi ce: asalin takarda ba ya barin ƙasarsa, a bar kwafi a gida, a kai kwafi Landan, kowa ya duba kyauta. To a Oktoba 2023 masu kutse suka durƙusar da kwamfutocin wannan babban ɗakin karatu, aka yi watanni ayyukansa na intanet ba su dawo daidai ba. Da a ce kwafin Landan kaɗai aka dogara da shi fa?

Kada kuma a ce takarda ce tudun mun tsira. A Janairu 2013 an yi asarar rubutun hannu kusan 4,000 a cibiyar Ahmad Baba ta Timbuktu, waɗanda suka tsira kuwa don iyalai sun kwashe su a ɓoye zuwa Bamako ne. Mu nan abokan gabarmu gara ce, da laimar garin da ke da damina biyu a shekara, da gobara a unguwa mai cunkoso, da magajin da bai san darajar abin da ke cikin akwatin mahaifinsa ba. Darasin shi ne abu mai daraja ba a ajiye shi wuri ɗaya, ba a kuma barin mabuɗinsa duka a hannun baƙo.

Haƙƙin mai wahala

Akwai tambayar da ake kauce wa: duk PDF ɗin nan da muke turawa, halal ne? Wasu na cewa ilimi ba a mallakarsa, kuma an yi gargaɗi mai tsanani a kan ɓoye shi. Akwai malaman da suka tafi a kan haka. Amma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, wadda Kamaru ke cikinta, a zamanta na 5 a Kuwait a Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa abin kiyayewa ne a shari'a, bai halatta a keta shi ba. Dokar ƙasa ma, mai lamba 2000/011 ta 19 ga Disamba 2000, ta kare aikin marubuci tsawon rayuwarsa da shekara 50 bayan rasuwarsa. Hukumar OAPI, mai kula da irin wannan haƙƙi a ƙasashen Afirka 17, a nan Yawunde hedikwatarta take.

A rarrabe abu biyu. Maganar Imamu Malik da ta Buhari ba ta kowa ba ce, ta al'umma ce. Amma wanda ya ƙarar da shekaru yana gwama kwafe-kwafen rubutun hannu ya fitar da bugu mai tsabta, guminsa na cikin littafin. Wanda abin ya fi cutarwa ma ba babbar maɗaba'ar Bairut ba ce. Malamin Kano ne ko na Marwa da ya ci bashi ya buga ɗan littafinsa na Hausa ko Fulfulde, kafin ya sayar da kwali ɗaya wani ya ɗauki hotonsa ya watsa, wai sadaka yake yi. Sadaka da kayan wani? Gobe malamin ba zai sake bugawa ba, mai shagon littattafai na unguwa ya koma sayar da turare, mu kuma mu zauna muna mamakin me ya sa ba a rubutu da harshenmu.

Turawa da sirrin mai karatu

Wayar da ke ɗauke da laburare ita ce kuma ke ɗauke da jita-jita, kuma doka ba ta barci. Sashe na 78 na doka mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, ko tarar sefa miliyan 5 zuwa miliyan 10, ko duka biyu, ga wanda ya yaɗa labari ta na'ura alhali ba zai iya tabbatar da gaskiyarsa ba. A Nuwamba 2016 kotun soja ta garin nan ta yanke wa wasu samari uku ɗaurin shekara 10 a kan saƙon barkwanci game da Boko Haram da ya bi ta wayoyinsu, hukuncin da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka yi ta suka. Rukunonin da ake raba littattafai ba a tace su, ana iya cusa rubutun 'yan ta'adda a tsakanin Arba'una Hadisi da Ahalari, yaro ya sauke duka bai buɗe ba. Tun kafin doka, aya ta 6 a Suratul Hujurat ta riga ta ɗora mana nauyin bincike kafin ɗaukar labari. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sannan littafin takarda ba ya kai rahoton wanda ya buɗe shi. Manhaja kuwa tana iya yi. A Nuwamba 2020 binciken 'yan jarida a Amurka ya nuna cewa bayanan inda masu amfani da Muslim Pro suke suna zuwa hannun wani dillalin bayanai mai hulɗa da 'yan kwangilar sojan Amurka. Kamfanin ya musanta sayar wa soja, ya kuma yanke hulɗa da dillalin. Ba Shamila ake zargi da wannan ba, amma ya isa ya sa a riƙa duba izinin da kowace manhaja ke nema kafin a danna amincewa.

Shawara ga kwamiti da malamanmu

Na ɗaya, kada a rushe kanta. A ci gaba da sayen bugu ɗaya ingantacce na kowane littafin da ake karantarwa a masallatanmu, shi ne zai zama alƙali idan waya da waya suka saɓa.

Na biyu, a sami kwamfuta ɗaya ta ƙungiya a girka mata Shamila cikakkiya mai aiki ba rezo, a kwafe ta da sauran littattafan da suka halatta a ma'ajiya biyu, a ajiye a gida biyu daban. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na uku, duk nassin da zai hau mumbari ko ya shiga wannan mujalla, a zo da sunan littafi da juzu'i da shafi da bugu, a kuma gwada shi da takarda ko a karanta wa malami. Wanda ya tsinta a waya ya ce a waya ya tsinta, ba abin kunya ba ne.

Na huɗu, a bi gidajen malamai da na zuri'ar fataken da suka sauka garin nan tun zamanin Jamus, a rubuta abin da ke cikin akwatunansu, a ɗauki hoto da yardar masu shi. Asali ya zauna a gidansa. Idan baƙo ya zo daga wata jami'a yana son ɗauka, a yi marhabin da shi, amma a rubuta yarjejeniya: kwafi cikakke ya zauna a wurinmu, a ambaci sunan gidan, kuma takardun gado da bashi da wasiƙun iyali ba sa hawa intanet sai magada sun yarda.

Na biyar, marubuci mai rai a saya a wurinsa ko a nemi izininsa. Malamanmu masu wallafa kuma, Allah Ya ƙara musu lafiya, su taimake mu su rubuta a shafin farko ko littafin waƙafi ne a yaɗa ko kuwa a'a, su sa shekara da gari, su ba ɗakin karatun masallaci kwafi, su kuma kai wa hukuma nata kamar yadda dokar ajiyar bugu ta shekarar 2000 ta tanada. Haka kaset da muryoyin tafsirin azumi, a rubuta wa kowanne sunan malami da rana.

Na shida, rajistar masu aron littafi amana ce. Abin da mutum ya ara tsakaninsa ne da mai kula da ɗaki, ba abin hira ba ne a majalisa.

Hukuncinmu a kan Shamila ke nan: fihirisa ce da ba a taɓa yin kamarta ba, kuma ɗalibin da ya ƙi amfani da ita ya cuci kansa. Ta zama ɗan jagoran da ke nuna maka ƙofar gida. Shiga gidan, da gaisawa da mai shi, da zama a gabansa, wannan aikinka ne. Samarin da suka yi tambaya kuwa, su ne suka fi kowa iya na'ura, saboda haka aikin ɗaukar hoto da girka kwamfuta nasu ne, dattawa su buɗe musu akwatuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, Ya sa mu bar wa na baya abin da za su buɗa. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.